Wace waya za ka jona wa sabuwar filasmarka, mai kai uku, mai kai biyar ko HDMI?

Kawuna na Tudun Wada ya sayi sabuwar filasma inci 55, irin mai 4K ɗinnan, lokacin ba na gari sai aka samo wani ya zo ya buga masa ita a bango. Ranar da na dawo tun da farar safiya sai ga kiransa, "ɗan nan zo ka gani, wallahi an cuce ni, tsohon akwatina ya fi wannan abu fitar da hoto." Na je na same shi zaune da rimot a hannu rai a ɓace, ana labarai amma fuskar mai karantawa dishi-dishi kamar kana hango mutum cikin hazon hunturu, rubutun da ke gudu a ƙasa kuwa sai ka matso ka ƙanƙance ido. Na leƙa bayan talabijin ɗin, abin da na yi zato shi na gani, wayar nan mai kai uku rawaya da ja da fari wadda ya fi shekara goma yana aiki da ita a tsohon akwatin, ita aka ɗauko aka maida. Ga risibar kuma da ramin HDMI a bayanta har ƙura ta fara toshe shi don ba a taɓa sa masa komai ba. Na ciro HDMI mai mita ɗaya da rabi daga jakar aikina na jona, na shiga saitin risibar na ɗaga ta daga 576 zuwa 1080, na kamo tashar ƙwallo mai HD. Kawu ya yi shiru ya daɗe yana kallo, can ya ce "ikon Allah, wai duk 'yar wayar nan ce?"

Na ɗau shekaru ina haɗa wa mutane dish da talabijin daga Samaru har cikin Birni, kuma abu biyu nake ta gani suna maimaita kansu. Ko dai mutum ya kashe maƙudan kuɗi a talabijin sannan ya shaƙe ta da tsohuwar waya, ko kuma ya je kasuwa a yi masa daɗin baki ya sayi waya mai tsadar da ba zai taɓa ganin amfaninta ba. Duka biyun asara ce, kuma duka biyun na min ciwo don kuɗin nan ba a bakin titi ake tsintarsu ba.

Mai kai uku dai, wadda 'yan kasuwa ke ce wa wayar AV, rawayan ne kaɗai ke ɗauke da hoto, ja da fari na sauti ne, ja dama fari hagu. Matsalarta a halittarta take, babu ruwanta da orijina ce ko jabu. Haske da launi duk a cikin silin waya ɗaya aka cusa su, sai talabijin ta sake rarrabe su kuma ba ta iya rabawa tsaf, shi ya sa za ka ga gefen rubutu na rawa, jan riga na zuba ya shiga wuyan mai shi. Sannan iyakarta layi 576 a tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya, wato 720 sau 576, ɗigon hoto dubu 400 da ɗoriya. Talabijin mai 1080 kuwa 1920 sau 1080 ce, ɗigo miliyan 2 da ɗan kai, mai 4K irin ta kawu 3840 sau 2160, kusan miliyan 8 da dubu 300. Kaga kenan filasmarsa sai ta ja kowane ɗigo ɗaya ta shimfiɗa shi ya cike gurbin kusan ashirin, daidai da ka ɗau hoton fasfo ka kai wa mai buga fasta ka ce ya yi maka shi a girman banar kamfen, zai bugu amma ba za ka so ganinsa ba. Kuma kawu bai yi ƙarya ba da ya ce tsohon akwatin ya fi, don akwatin mai ƙeya an yi shi ne daidai wannan ƙaramin hoton, ga allonsa ƙarami, aibin ba ya fitowa.

Ba wai na ce a zubar da ita ba. In kana da tsohuwar DVD, ko PS2 na yara, ko risibar da babu HDMI a jikinta kwata-kwata, toh ita ce abin da kake da shi ka yi aiki da ita. Sai dai ka lura sabbin talabijin da yawa sun daina zuwa da ramuka ukun, sai wani ɗan rami guda kamar na iyafis an rubuta AV IN, tare da 'yar gajeruwar waya a cikin kwali mai rabuwa uku. Don Allah kar ka jefar da ita da kwalin, domin kamfanoni ba su haɗu kan tsari ɗaya na cikin bakin ba, za ka iya sayen wata a kasuwar Sabon Gari kamanninsu ɗaya sak ka zo ka sa ka ji ƙugi babu hoto.

Mai kai biyar mutane da yawa ba su ma san aikinta ba, suna ganin ramuka kore da shuɗi da ja a baya su wuce. Uku na hoto ne, koren na haske, shuɗi da ja na launi, sai ja da fari na sauti a gefe. Saboda an raba su, tana iya ɗaukar 720 har 1080i, kuma hotonta fes yake, tazararta da mai kai uku kamar sama da ƙasa. In DVD ɗinka ko PS2 na da hanyarta kuma talabijin na da ramukan da aka rubuta Y, Pb, Pr, ita za ka zaɓa. Kuskuren da ake yi ja biyu ne a jikinta, in ka sa jan sauti a ramin jan hoto sai mutane su koma kore-kore sifika ɗaya na ƙara. Sabbin talabijin dai sun fara yar da ita. Haka ma faffaɗan ramin nan mai fil 21 da za ka gani a talabijin na hannu da ake kawowa daga Turai, SCART sunansa, asalinsa daga Faransa, akwai ɗan kai da ake sa masa ya karɓi mai kai uku, in yana da maɓallin IN da OUT ka tura shi IN, amma shi ma ba HD ba ne. Sai VGA mai shuɗin kai da fil 15 na tsofaffin laftof da furojekta, hoto kawai yake kaiwa ba sauti, dole ka nemo wa sautin tasa wayar daban.

Yanzu HDMI, wadda ita ce asalin maganar. Tun ƙarshen 2002 aka fitar da tsarinta, fil 19 ne a bakinta, kuma waya ɗaya ke ɗaukar hoto da sauti gaba ɗaya a matsayin lambobi. Wannan kalmar lambobi ita nake so a riƙe don a kanta ake cutar mutane. Tsofaffin wayoyin can in sun yi rauni hoton ne ke raguwa a hankali, ya yi yayyafi ya yi inuwa biyu. HDMI ba haka take ba, ko dai saƙon ya isa cif yadda aka aiko shi ko kuma ka ga alamar bai isa ba ƙarara, farin ƙyalli-ƙyalli kamar taurari a jikin hoto, ko allo ya ɗauke sakan biyu ya dawo, ko ya rubuta babu sigina. Babu wata HDMI da ke ƙara wa kore kore ko ta sa fuska ta fi sheƙi. In waya biyu duk suna isar da saƙon toh hotonsu ɗaya ne, ko da ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi sau biyar.

Na sha tsayawa a shago ina jin ana ce wa mutum "yallabai ɗauki wannan, 8K ce, bakin zinare ne, hotonta ya fi fita," alhali mutumin risibar kyauta yake da ita da talabijin inci 32. Ruwan zinaren da ke bakin amfaninsa guda ne, ba ya tsatsa, kuma hakan abu ne mai kyau amma ba ya taɓa hoto. Ita kuwa inci 32 yawancinsu 1366 sau 768 ne, ko 1080 ɗin ba su cika ba, me za su yi da wayar 8K?

Abin da za ka karanta a jikin leda ko kwali sunan ajin gudu ne. Akwai Standard, tsohon yayi ce ta 720p da 1080i, ka barta. Akwai High Speed mai ɗaukar gigabit 10.2 a sakan, ta isa 1080 kowane iri har ma 4K mai hoto 30 a sakan, kuma wannan ita ce ta yawancinmu, domin tashoshin HD na tauraro ko DStv ne ko StarTimes ko na kyauta ba sa wuce 1080, PS3 da PS4 na asali da laftof duk ta wadatar da su. Sai Premium High Speed mai gigabit 18, ta 4K mai hoto 60 a sakan da HDR, wato tsarin da ke ƙara fito da bambancin haske da duhu a hoto, wannan ta wanda yake da na'urar da ke fitar da 4K na gaske ce kamar PS4 Pro ko akwatin kallo ta intanet mai 4K. Sai kuma Ultra High Speed mai gigabit 48, ta zo ne da HDMI 2.1 na 2017, ta 4K mai hoto 120 da 8K, kuma a garin nan kusan masu PS5 da sabon Xbox ne kawai ke buƙatarta, shi PS5 ma da tasa yake zuwa a kwali. Na gaskiyar waɗannan biyu na ƙarshe suna da tambari mai ƙyalli da lambar QR da ake dubawa da waya. In ka ga an rubuta 2.0 ko 2.1 da manyan baƙi babu sunan aji babu tambari, rubutu ne kawai, kowa na iya bugawa, lambobin nan asalinsu na na'ura ne ba na waya ba.

Masu gem ku ƙara da wannan, talabijin 4K da yawa sai ka shiga saiti ka buɗe wa ramin cikakken ƙarfinsa, a LG suna kiransa HDMI Ultra HD Deep Colour, a Samsung Input Signal Plus, a Sony Enhanced format, kuma ba kowane rami ne ke ɗaukar hoto 120 ba, ka karanta ɗan rubutun da ke gefen kowanne. Na ga wanda ya canja waya uku yana zagin kasuwa ashe saiti ne a kashe. Wanda kuma YouTube ko Netflix yake kallo daga cikin talabijin ɗin kanta, shi ba ya buƙatar HDMI ko ɗaya don wannan, data ce matsalarsa.

Toh in hoton ɗaya ne me ya raba mai kyau da mara kyau? Ƙarko da tsawo. Ni in zan saya ina riƙe kan in ɗan lanƙwasa inda ya haɗu da jikin wayar, in ya yi lagwab ko na ji yana motsi a ciki na ajiye, don nan take fara mutuwa musamman a talabijin ɗin da ke manne a bango inda wayar ke lanƙwashe dare da rana, irin wannan wurin ma gara ka sayi ɗan kai mai kusurwa kamar gwiwar hannu ka huta. Ina kuma sa mai shago ya gwada min a gabana. Waya mai tsawon mita 10 amma siririya sakayau kamar ta cajar waya, wannan ba na ɗauka ko kyauta, jan ƙarfen cikinta bai kai ya kawo ba. Kuma kar ka sayi tsawon da ba ka buƙata, risiba na ƙasan talabijin mita ɗaya da rabi ko biyu ya isa, ragowar nannaɗewa zai yi a baya yana tara ƙura da ɓeraye.

Maganar tsawo ta tuna min wani gidan kallon ƙwallo a Samaru da aka kira ni. Mai gidan ya ajiye risibobinsa a ɗan ɗakin karɓar kuɗi don kar yara su taɓa, ya jawo HDMI mai mita 20 ta cikin silin zuwa talabijin, kuma ya bi da ita gefen wayar janareta. Sai ana tsakiyar wasa allo ya yi baƙi ya dawo, kuma kun san halin 'yan kallo, in abin ya faɗo daidai lokacin fanareti sai an kusa tada rufin. Ya ce min "maigida na canja risiba, na canja LNB, har dish na sa an juya." LNB shi ne ɗan kan nan da ke gaban dish mai karɓar sigina. Babu ɗaya da ke da laifi. Abin da muka yi mai sauƙi ne, muka ƙera ɗan keji na ƙarfe mai kwaɗo a bango ƙasan talabijin muka sa risibar a ciki, muka ƙara tsawon wayar dish ta iso wurin, HDMI ta koma mita biyu. Tun daga ranar bai sake kirana kan wannan ba. Wayar dish an yi ta ne don tafiya mai nisa, mita 30 ba komai ba ne a wurinta in mai kyau ce, HDMI ta talakawa kuwa har mita 5 hankalinka kwance, daga nan zuwa 10 sai mai kauri, in ta haura haka musamman da 4K caca kake. In dole ne sai an yi nisa, kamar masallaci ko zauren taro mai furojekta, akwai HDMI mai zaren gilashi a ciki, ita tana da gaba da baya, kai ɗaya an rubuta Source na risiba ɗayan Display na talabijin, in ka juya ta ba za ta yi ba, ka tabbatar kafin a rufe silin. Akwai kuma akwatuna biyu da ake haɗa su da wayar intanet Cat6, su ma suna kai hoto nisa sosai.

Masu gidan kallo da masu shagon aski su bambance abu biyu da ake yawan rikitawa a kasuwa. Sifilita risiba ɗaya take rabawa zuwa talabijin da yawa duk su nuna abu ɗaya, ka nemi mai nata wutar, kuma ka sani yawanci tana sauke hoton ne zuwa matakin talabijin mafi rauni a cikinsu. Siwic kuma akasin haka ne, na'ura da yawa zuwa rami ɗaya, na wanda ramukan talabijin ɗinsa suka ƙare. Haka 'yan akwatunan kwanbata, hanya ɗaya suke bi, mai maida AV zuwa HDMI daban mai maida HDMI zuwa AV daban, ka karanta wane gefe ne IN, kuma mai maida AV zuwa HDMI ba ta ƙara kyan hoto, ƙofa kawai take buɗe maka.

Sauti shi ne inda aka fi kirana. Filasma siririya ce sifikarta ba ta da ciki, dole mutum ya so jona wufa ko hom tiyata, sai ya ga ja da fari a bayan talabijin ya cusa ya ji shiru ya ce wufar ta lalace. Ja da farin nan a yawancin sabbin talabijin na shiga ne ba na fita ba, ka duba za ka ga IN a kansu. Hanyoyin fitar sauti na gaske uku ne ko huɗu, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

In kana da doguwar sifikar nan ta ƙasan talabijin ko hom tiyata mai HDMI, nemi ramin da aka rubuta ARC a talabijin, yawanci guda ɗaya ne tak cikin ramukan, ka haɗa shi da ARC na sifikar da HDMI High Speed ta kullum. Tun HDMI 1.4 na 2009 aka kawo wannan, sauti ne ke komowa baya ta cikin wayar, ko daga risiba ya fito ko daga YouTube ko filashi duk zai bi. Daɗinsa rimot ɗin talabijin shi zai riƙa ƙara murya da ragewa, amma sai ka kunna CEC a saiti, tsarin da ke sa rimot ɗaya ya sarrafa na'urorin da HDMI ta haɗa, wanda kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Ni wannan nake fara zaɓa a gidan da akwai dattawa, don rimot uku a kan tebur fitina ce. Akwai ƙaninsa eARC mai ɗaukar manyan sautuka irin Dolby TrueHD, wanda bai da kayan da suka kai nan kar ya damu kansa.

Na biyu wayar haske, ɗan rami mai murfi da za ka ga jan haske na leƙowa daga ciki, an rubuta Optical. Kamfanin Toshiba ne ya ƙirƙiro ta a 1983. Tana ɗaukar sitiriyo da Dolby Digital mai sifika biyar da wufa, ba ta kai eARC ba kuma ba ta haɗa maka rimot, amma tana da wata falala da ta dace da mu sosai, babu ƙarfe a cikinta haske ne ke tafiya, don haka ƙugin nan na huuu da sifika ke yi in an tada janareta ko an koma inbata ba ya bi ta cikinta. Abu biyu ke hana ta aiki, mutane na mantawa su cire 'yar hular roba da ke kan bakinta, sannan ba ta son a karya ta kwana. In ka jona ka ji shiru ko wata ƙara kamar ana soya ƙosai, shiga saitin sauti ka maida shi PCM, yawanci shikenan.

In kuwa wufarka irin ta gama-gari ce mai ja da fari kawai, duba ko talabijin na da ramin iyafis, ka sayi waya mai ƙaramin kai ɗaya a gefe, ja da fari a ɗaya gefen, ita ce mafi arha kuma tana yi. In babu, akwai ɗan akwatin da ke karɓar wayar haske ya fitar da ja da fari, yana shan wuta daga USB na talabijin, shi ma sai da PCM. Ko kuma ka ɗauko ja da fari kai tsaye daga bayan risiba zuwa wufa ka bar HDMI ta kai hoto, yana yi, illarsa in ka koma filashi ko YouTube wufar ta yi shiru, wani lokacin kuma sauti na ɗan riga baki. Bulutut shi na sa a ƙarshe, ba waya ba wahala amma sau da yawa yana makara, mai wa'azi ya rufe baki kana jin ƙarshen maganarsa, a ƙwallo kuma an riga an ci kafin ka ji ihun.

Masu son jona wayar hannu, kar ku sayi wayar USB-C zuwa HDMI sai kun tabbatar wayarku na fitar da hoto ta bakin caji. Manyan Samsung na jerin S suna yi, yawancin iPhone daga 15 ma haka, amma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi caji da tura fayil kawai bakinsu ya iya, ko ka sayi mafi tsada ba za ta yi ba.

In akwai wurin da zan ce ka ƙara kuɗi da zuciya ɗaya, wayar dish ce, wadda kowa ke rainawa yana cewa a yanko mafi arha. Ita ce ke kwana a waje tana shan ranar bazara da ruwan Agusta. Ka nemi RG6, ta fi RG59 kauri kuma ta fi riƙe sigina. Ka sa a fere maka ɗan bakinta ka ga saƙar da ke kewaye, in gashin 'yan sili ne tsirara kana hango farin cikin ka barta. Ka kankare silin tsakiya da wuƙa ko ka kai masa maganaɗisu, in ya kama toh ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana aiki a gajeren zango amma da ruwa ya shiga sai tsatsa, kuma a nesa yana rage wutar da risiba ke tura wa LNB, don wayar nan ba sigina kawai take kawowa ba, tana kai wuta bolt 13 ko 18 sama, da ita ake sauya ɓangaren tashoshi. Shi ya sa wani gidan za ka ga rabin tashoshi na yi rabi ba sa yi. Saboda wutar nan ne kuma ake kashe risiba kafin a ɗaura kan wayar, sannan a tabbatar ko gashi ɗaya na saƙar bai taɓa silin tsakiya ba. Kan da ke waje a naɗe shi da tef sosai, kuma kafin wayar ta shiga bango a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa yadda ruwa zai ɗige a nan maimakon ya biyo ta har cikin risiba. Mai gini sabo ya sa a binne masa faffaɗan bututun roba daga inda talabijin za ta zauna zuwa ƙasa, wanda kan HDMI zai iya wucewa, daban da na wayar wuta.

Sai damina. Duk shekara daga an fara hadarin farko mai tsawa sai na samu talabijin da ramukan HDMI ɗinta suka mutu, tana kamawa lafiya, filashi na yi, amma duk abin da ka jona babu sigina. Ba sai aradu ta faɗo kan gidan ba, in ta sauka kusa ƙarfinta na biyo wayar dish ya shiga risiba ya bi HDMI ya ƙone ɓangaren da ke karɓa, kuma sau da yawa gyaran sai an canja babban allon ciki gaba ɗaya. Sitabilaiza da abin kariyar soket na tsare hanyar wuta ne kawai, ba sa ganin abin da ya biyo ta dish. Gidajenmu da yawa kuma babu wayar ƙasa ta kirki, shi ya sa in ka taɓa bayan risiba kake jin tana ɗan cizo, irin wannan gidan in za ka sa HDMI ko ka zare, kashe duka biyun daga soket tukuna. In hadari ya haɗo ta wajen gabas ka ga ya yi baƙi, kashe rimot bai isa ba, zare filogi ka kuma kwance wayar dish daga bayan risiba. A gidan kawu sai da na jawo teburin na juyo da risibar yadda hannu zai kai bayanta ba sai an ɗaga komai ba, na kira autansa na nuna masa yadda ake murɗa kan zuwa hagu har ya fita, ya gwada sau biyu a gabana, na ce ya riƙa ajiye bakin a ƙasa nesa da sauran wayoyin har ruwan ya ɗauke.